Na rufe burauza amma kwamfutata ba ta huta ba: me ke cin ƙarfinta a ɓoye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata laftof ce mai Windows, RAM ɗinta gigabait 8. Da na buɗe Chrome sai fanka ta kama ƙugi, ƙasan na'urar ya ɗau zafi, batir kuma ba ya kai ni ko'ina. Na duba Task Manager na ga Chrome ya fito sama da sau 20, alhali shafi 4 kawai na buɗe, kuma ko na rufe shi wasu ba sa tafiya. Har Edge da ba na amfani da shi na gani a ciki. Cuta ce ta shiga kwamfutar? Yaya zan kashe su gaba ɗaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka tukuna. Yawan layukan da ka ƙirga ba shi ne ciwon ba, kuma ba duka ne suka cancanci kashewa ba. Na daɗe ina duba kwamfutocin mutane masu irin wannan kuka, kuma kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: cikin ashirin ɗin nan, guda ɗaya ko biyu ne ke shan ƙarfin na'urar, sauran suna zaune shiru, ɗan wuri kawai suka tare. Aikinmu shi ne mu gano waɗannan biyun da sunansu. In ka bi su da End task ɗaya bayan ɗaya, da ka sake buɗe burauzar za su dawo, tunda ba ka taɓa abin da ke tada su ba. Wataƙila ma ka yi asarar rubutun da ka fara a wani shafin.

Bari in fara da dalilin yawan nasu. Kowane layi da ka gani, ɗauke shi a matsayin ma'aikaci guda mai zaman kansa, da nasa kason a cikin RAM. A burauzojin da, ma'aikaci ɗaya ne ke ɗauke da komai, shi ya sa in shafi guda ya maƙale sai duk tagar ta daskare, dole ka rufe komai. Da Google ya fito da Chrome a 2008 sai ya rarraba aikin. Akwai babban da ke riƙe da tagar da maɓallanta, akwai mai kula da zane da bidiyo, akwai mai shiga da fita a intanet, akwai na sauti, sannan shafuka da ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, waɗanda ake kira ekstenshan, su ma da nasu. Har akwai wanda ake ajiyewa a gefe yana jira, don shafin da za ka buɗe gaba ya fito da sauri. Ka ga kafin ka buɗe komai ma an tara kusan rabin dozin.

A watan Janairun 2018 aka bayyana wata ɓaraka a ƙirar firosesoshin kwamfuta, wadda aka sa wa suna Spectre, da za ta iya ba mugun shafi damar leƙa bayanan da ke zaune tare da shi a wuri ɗaya cikin RAM. Maganin da Chrome ya ɗauka a wannan shekarar, tun daga fitowa ta 67, shi ne ya hana gidajen yanar gizo daban-daban zama a hannun ma'aikaci ɗaya. Google da kansa ya ce wannan ya ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Firefox ma ya bi sahu a ƙarshen 2021. To ga inda lissafinka ya fito: shafin labarai guda da ka buɗe yana iya ƙunsar talla daga wani kamfani, bidiyon da aka jawo daga YouTube, da akwatin sharhi daga wani wurin, kuma kowanne sai an ba shi nasa ma'aikacin. Shafi huɗu su haifi ashirin ba abin mamaki ba ne. Wannan rarrabawa katanga ce tsakanin shafin bankinka da shafin da ba ka san mai shi ba, kuma ni ba zan taɓa ba ka shawarar rushe ta don a sami sararin RAM ba, ko da ka ga ana koyar da yadda ake yi.

Abu na biyu da nake so ya zauna maka shi ne bambancin cin RAM da cin CPU, wato firosesar da ke yi wa kwamfuta lissafi da aiki, don mutane na haɗa su, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. RAM wurin zama ne, CPU kuwa gumi ne. Ma'aikacin da ya tare megabait 300 amma layinsa na CPU na nuna sifili, zaune kawai yake. Ba shi ke zafafa na'urar ba, ba shi ke tada fanka ba. Zafi da ƙugi da mutuwar batir, daga mai aiki suke fitowa, wato CPU da katin zane, sashen da ke zana abin da kake gani a allo. Cikar RAM tana zama matsala ne in wurin ya ƙare ƙaf, Windows ta fara kwashe kaya tana kaiwa babbar ma'adana tana dawowa da su, sai ka ji komai ya yi nauyi, ka danna abu ya ɗau daƙiƙoƙi kafin ya amsa. Alamomin da ka lissafa na mai gumi ne. Saboda haka layin CPU za mu sa wa ido.

Task Manager na Windows ba zai gaya maka ko wane ne ba, don duk suna ɗaya yake ba su. Chrome yana da nasa na cikin gida, kuma mutane ƙalilan ne suka san da shi. Kana cikin Chrome, danna Shift da Esc tare. Wata taga za ta fito da kowa da sunansa: wannan shafin kaza ne, wannan ekstenshan kaza ne, wannan Subframe ne na wani gida da ke maƙale a cikin shafi, wannan kuma GPU Process, mai kula da zane da bidiyo. Latsa kan kalmar CPU don su jeru daga mai yawan ci zuwa ƙasa, sannan ka ɗauke hannunka daga na'urar na minti biyu ko uku kana kallo. Wannan jiran shi ne muhimmin abu. Shafin da ke lodi dole ya yi tsalle sama ya sauko, wannan ba laifi ba ne. Wanda kake nema shi ne wanda ya ƙi sauka bayan komai ya lafa, kana zaune ba ka taɓa komai amma yana ta aiki. Edge ma Shift da Esc ne, tunda tun Janairun 2020 injin Chromium ɗaya suke hawa da Chrome. A Firefox kuma ka rubuta about:processes a wurin adireshi.

Rubuta sunan da ka gani a sama. Zai faɗa cikin ɗayan gidajen da zan bi yanzu.

Na farko shi ne wanda ya fi ɗaure maka kai, masu ƙin tafiya bayan ka rufe. Akwai wani maɓalli a saitin Chrome da ke ba ekstenshan da manhajojin yanar gizo izinin ci gaba da aiki ko babu tagar da ke buɗe. Rubuta chrome://settings/system a wurin adireshi, za ka ga layin da ke cewa Continue running background apps when Google Chrome is closed. Kashe shi. In yana aiki, sau da yawa za ka ga 'yar alamar Chrome a ɓoye kusa da agogo, a ƙasan allo ta dama. Abin da za ka rasa in ka kashe kaɗan ne: duk abin da ke turo maka sanarwa ta Chrome zai yi shiru har sai ka sake buɗewa. Ga yawancin mutane wannan hutu ne ma.

Edge kuwa da ka ce ba ka buɗewa, dalilinsa wani abu ne da Microsoft ya kawo a 2021 mai suna Startup boost. Da zarar ka shiga Windows sai ya tada wasu ma'aikatan Edge su tsaya a shirye, don in ka latsa shi ya buɗe nan take. Ga mai amfani da Edge kullum akwai ɗan amfani a ciki. Gare ka kuwa wuri kawai ya tare. Buɗe Edge sau ɗaya, shiga saitinsa, sashen System and performance, ka kashe Startup boost, ka kuma kashe na kusa da shi mai cewa Continue running background extensions and apps when Microsoft Edge is closed. Kamfanonin nan suna yawan sauya wa maɓallai mazauni, don haka in ba ka gan su inda na ce ba, rubuta boost ko background a akwatin neman da ke cikin saitin, zai kai ka. Daga nan ka leƙa Task Manager na Windows, sashen Startup apps, ka hana duk wata burauza tashi tare da kwamfutar.

Amma ka lura da wani suna mai kama da na Edge, msedgewebview2.exe. Wannan ba burauzar ba ce. Injin Edge ne da wasu manhajoji ke ara don su nuna fuskarsu, irin su Teams, sabon Outlook, da allon labarai da yanayi na Windows 11. Kashe Startup boost ba zai kore shi ba. In yana damunka, manhajar da ta aro shi za ka rufe. Haka ma manhajojin hira irin Slack da Discord, kowannensu yana ɗauke da nasa Chromium a ciki, don haka mai su a buɗe tamkar burauza uku yake tuƙawa a lokaci guda ko da bai sani ba.

Bayan ka yi wannan, rufe Chrome, ka ba shi kamar rabin minti, ka duba. Ya kamata sunansa ya ɓace.

Gida na biyu, kuma a nan na fi kama ɓarawo, ekstenshan ne. Zan ɗan daɗe a kansa don akwai wata dabara da ke yaudarar har waɗanda suka iya duba Shift da Esc. Ekstenshan yana cin ƙarfi ta hanya biyu. Akwai gangar jikinsa da ke zaune a bayan fage, wadda za ka ga layinta da sunanta. Sannan akwai ɗan rubutun umarni da yake cusawa cikin kowane shafi da ka buɗe, in ka ba shi izinin karantawa da sauya bayanai a duk shafuka. Wannan na biyun ba ya fitowa da sunan ekstenshan ɗin. A kan shafin ake rubuta cinsa. Sai ka ga layin ekstenshan ɗin tsaf da sifili, ka wanke shi, ka ɗora wa shafin laifi, alhali mai duba nahawu ne ko mai neman rangwamen kaya ke bin kowace kalma da ke motsi a shafin yana bincikawa. Shafi goma, aikin ya ninku goma.

Hanyar gane wannan mai sauƙi ce. Danna Ctrl da Shift da N don buɗe tagar sirri, inda ekstenshan ba sa aiki sai wanda ka ba izini da hannunka. Rufe tagar farko, ka buɗe shafukan nan naka guda huɗu a ta sirrin. In fanka ta yi shiru, ka san inda matsalar take. Sai ka je chrome://extensions ka kashe rabinsu, ka gwada. In ƙugin ya tafi, mai laifin na cikin rabin da ka kashe, in bai tafi ba yana cikin ɗaya rabin. Ka ci gaba da rabawa biyu. Ko guda 16 gare ka, zagaye huɗu ya isa ka kama shi. An taɓa kawo min wata laftof da mai ita ya riga ya yanke shawarar sayen sabon batir. Ekstenshan ɗin sauke bidiyo ne guda ɗaya, wanda ya sa don wata buƙata ta rana ɗaya ya manta da shi. Muka cire, batirin da ake shirin jefarwa ya koma kai shi yadda ya saba.

Ƙa'idata a nan ita ce, duk wanda ka yi wata guda ba ka taɓa ba, cire shi gaba ɗaya, kada ka tsaya a kashewa. Wanda kake buƙata jefi-jefi, shiga Details ɗinsa, ka mayar da Site access zuwa On click, don kada ya shiga shafi sai ka kira shi. Mai toshe talla guda ɗaya nagari yakan rage wa na'ura aiki fiye da abin da yake ci, shi kam ina barinsa. Amma biyu ko uku a tare maimaita aiki ne kawai. Sabon tsarin ekstenshan na Chrome, wanda ake kira Manifest V3, ya taimaka ta ɓangaren gangar jikin, don yanzu takan kwanta in ta yi kamar daƙiƙa 30 babu aiki. Sai dai bai hana abin da ake cusawa cikin shafuka ba, shi ya sa gwajin tagar sirri bai rasa amfaninsa ba.

Kuma don Allah kada ka je neman ekstenshan da zai magance maka cin RAM. Akwai wani da ya yi suna sosai a wannan aikin, The Great Suspender, wanda ya sauya hannu a 2020, a Fabrairun 2021 kuma Google ya cire shi daga kasuwarsa ya kashe shi a burauzojin mutane saboda an same shi da muguwar manhaja. Abin da yake yi, yanzu burauzar da kanta tana yi.

Wannan ya kawo mu gida na uku, shafukan da ke buɗe amma ba ka kallonsu. Chrome yana ƙoƙari a nan fiye da yadda ake zato. Shafin da ke ɓoye, ana taƙaita agogon ayyukansa zuwa sau ɗaya a daƙiƙa, kuma tun fitowa ta 88 a farkon 2021, in ya wuce minti 5 a ɓoye kuma ba ya fitar da sauti, sai a mayar da shi sau ɗaya a minti. Tun 2020 kuma yana sauke tallan da ya wuce gona da iri da kansa: wanda ya jawo fiye da megabait 4, ko ya ci daƙiƙa 15 na CPU cikin daƙiƙa 30, ko daƙiƙa 60 jimilla, ba tare da ka taɓa shi ba. Duk da haka akwai masu tsallake shingen. Shafin da ke kunna sauti ko bidiyo, shafin kiran bidiyo, da shafukan da kullum suke karɓar sabon abu kamar akwatin wasiƙa, dandalin sada zumunta, da allon farashin kasuwa mai motsi, waɗannan ba sa barci da gaske.

Je chrome://settings/performance ka kunna Memory Saver, wanda aka kawo tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023. Shafin da ka daɗe ba ka leƙa ba zai sauke shi daga RAM gaba ɗaya, sunansa kawai zai bari a sama, in ka latsa sai ya sake lodi. Shafin da aka sauke ba ya cin CPU ko kaɗan, don haka riba biyu ce. Akwai wurin da za ka rubuta shafukan da ba ka yarda a taɓa ba, a ƙarƙashin Always keep these sites active. Sa wanda kake dogon rubutu a cikinsa a nan. A wannan shafin dai za ka ga Energy Saver, mai rage ayyukan bayan fage da ƙyale-ƙyalen motsi in batir ya sauka zuwa kashi 20, ko kuma duk lokacin da ka zare caja in haka ka zaɓa. Tunda batir ne kukanka, zaɓi na biyun. Sai Preload pages, mai jawo shafukan da yake hasashen za ka buɗe tun kafin ka latsa. A na'ura mai gigabait 8 ni kashe shi nake yi, ko aƙalla in hana shi zama a kan Extended. In kana son ganin wane shafi ne aka sauke, wane ne ke farke, chrome://discards zai nuna maka.

A Edge sunan abin Sleeping tabs, kuma ya ɗan bambanta: daskarar da shafin yake yi maimakon ya zubar da shi, don haka yakan farka inda ka bar shi. Kana iya zaɓar tsawon jiran, daga daƙiƙa 30 har awa 12. Firefox kuma yana sauke shafuka da kansa in RAM ya kusa ƙarewa, kuma about:unloads na ba ka damar yi da hannu.

Akwai wani ƙaramin abu da ke haɗe da wannan, wato sanarwa. Duk lokacin da wani shafi ya tambaye ka ko zai riƙa turo maka sanarwa ka danna Allow don ya kauce maka daga gaba, ka ba shi damar ajiye wani ɗan aike a burauzarka, wanda za a iya tasa ko shafin ba ya buɗe. Kowane ɗaya cinsa kaɗan ne, yakan farka ya yi abinsa ya koma. Amma na sha ganin mutum da jerin gidaje masu yawa da bai ma tuna ya taɓa shiga ba, kuma shafin da ke da wannan izini yana iya kuɓuce wa Memory Saver. Shiga chrome://settings/content/notifications ka share duk wanda ba ka san dalilin zamansa ba. Irin sanarwar nan mai cewa an gano cuta a kwamfutarka, latsa nan ka goge, mafi yawanci daga wannan jerin take fitowa, ba daga Windows ba.

Yanzu ga wata shawara da za ka ci karo da ita ko'ina, wadda ni ban yarda da ita ba a matsayin magani na kowa: wai ka kashe Use graphics acceleration when available, saitin da ke miƙa aikin zane da bidiyo ga katin zane. Gaskiya ne in ka kashe, GPU Process zai daina bayyana da yawan ci. Amma aikin bai ɓace ba, kan CPU aka juye shi, kuma CPU ya fi shan wuya da wuta wajen warware bidiyo fiye da sashen da aka ƙera musamman don haka. Sai ka ga an kashe don a rage zafi, zafin ya ƙaru. Bar shi a kunne. Lokacin da kashe shi ke da hujja shi ne in allo na ƙyaftawa, ko shafi na yin baƙi, ko burauzar na faɗuwa, kuma ko a nan sabunta direban katin zane, wato manhajar da ke tuƙa shi, ya kamata a fara gwadawa. In fanka ba ta tashi sai kana kallon bidiyo, rubuta chrome://gpu ka duba ko Video Decode na cewa Hardware accelerated. Tsofaffin laftof da yawa ba su da sashen warware sabbin nau'o'in bidiyo irin AV1, wasu ma har VP9, don haka CPU ke ɗaukar nauyin. Maganin wannan ba ya cikin saitin burauza. Ka sauke ingancin bidiyon daga 1080 zuwa 720, za ka ji bambanci a tafin hannunka.

Wani da nake roƙonka kada ka taɓa shi ne mai sabunta burauzar. Za ka ga sunan Google Update ko na Edge Update cikin ayyukan Windows, kuma wasu na koyar da a kashe su. Farkawa suke yi su duba ko akwai sabon abu su koma, cinsu bai kai a yi magana ba. A 2021 Chrome ya koma fitar da sabon zubi duk mako huɗu, ban da facin gaggawa da ke zuwa a tsakani, kuma da yawan facin nan na toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka riga suka fara shiga ne. Manhajojin da ke alƙawarin wanke RAM da latsawa ɗaya su ma ka bar su. Abin da suke yi shi ne tura kayan da ke RAM zuwa babbar ma'adana, lambar ta yi kyau a ido na ɗan lokaci, sannan na'urar ta sha wahalar dawo da su, ga su kuma su kansu sun zama ƙarin mai zama a bayan fage.

Abin da ke da amfani, kuma kyauta, shi ne rufe burauzar gaba ɗaya lokaci-lokaci. Mai laftof yakan rufe murfi kawai ya buɗe gobe, burauza ta yi makonni ba ta huta ba, wasu shafukan kuma suna da yoyo, suna karɓar RAM ba sa mayarwa. Rubuta chrome://restart, zai rufe ya sake buɗewa da shafukanka. Ka dai tabbatar ka adana abin da kake rubutawa tukuna. Ga mai Mac da ke karanta wannan: jan maɓallin nan taga kawai yake rufewa, sai ka danna Command da Q ne manhajar ke fita.

To batun cuta fa? Ban kore shi gaba ɗaya ba, na dai ajiye shi a ƙarshe don shi ne mafi ƙarancin aukuwa. Yana faruwa. Tsakanin 2017 da Maris na 2019 an yi wani kamfani, Coinhive, da ke ba masu shafuka rubutun da ke haƙar kuɗin intanet na Monero da CPU ɗin mai ziyara, kuma an cusa shi a shafuka da ekstenshan da dama ba da sanin masu amfani ba. Kamfanin ya rufe, dabarar ba ta mutu ba. Alamomin da za su sa in fara zargi su ne: ka kashe duk ekstenshan, shafi ɗaya fari kawai ke buɗe, amma CPU na sama, ko injin bincikenka ya sauya da kansa kuma ya ƙi komawa, ko wani ekstenshan ya ƙi ciruwa, ko ka ga Managed by your organization a kwamfutar da taka ce ta kanka, ba ta ofis ba. Wannan na ƙarshen wani lokaci manhajar riga-kafi ce ke jawo shi, don haka duba chrome://policy ka ga abin da aka ƙaƙaba. A Task Manager na Windows kuma, latsa dama a kan sunan da kake zargi ka zaɓi Open file location. Chrome na gaskiya yana zaune ne a jakar Google, cikin Chrome, cikin Application. In ya kai ka wata jakar daban mai baƙon suna, wani ne ya ari rigarsa. Sai ka yi cikakken bincike da Windows Security, ka kuma yi Reset settings a Chrome, wanda zai kashe ekstenshan ya mayar da saiti yadda ya zo ba tare da ya goge kalmomin sirrinka da shafukan da ka adana ba.

In ka yi duk wannan, zafi ya tafi amma nauyi bai tafi ba, sai mu koma kan RAM. Buɗe Task Manager, sashen Performance, ka latsa Memory kana tsakiyar aikinka na yau da kullum, ka dubi Available. In akwai gigabait ɗaya da rabi ko biyu a sarari, RAM ba shi ne matsalarka ba, ko da ka ga kashi 75 a cike. In kuwa 'yan megabait ɗari ne suka rage, layin Disk kuma na manne a sama, to wurin ya yi wa aikinka kaɗan. Gigabait 8 na ɗaukar shafi huɗu da ma fiye da haka cikin sauƙi, sai dai in Teams ko wani makamancinsa na zaune a gefe. Duba ko na'urarka na karɓar ƙarin RAM, don wasu an liƙe nasu da dalma ba ya ciruwa, ka kuma duba ko babbar ma'adanarta SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, wanda shi ne ke mayar da ƙarancin RAM azaba. In kuma CPU na ƙasa, komai shiru, amma fanka na ta ƙugi, to ka bar burauza ta huta: ƙura ce ta toshe mafitar iska, sai a buɗe a share.

Fara da Shift da Esc ɗin nan yau, kafin ka sauya kowane saiti. In ka ga sunan da ba ka gane ba a saman jerin, turo min shi tare da lambar da ke gabansa a layin CPU da ta Memory footprint, in gaya maka ko na cirewa ne ko na bari.